Igiyar Mutanen Shandagal

Da sunan Wanda ke naɗe zamani kamar tabarma, Ya shimfiɗa wani a gurbinsa, ba tare da Ya nemi shawarar waɗanda ke zaune a kai ba. Ni ce Tasalla 'yar Tunau, ungozomar birnin Shandagal, birnin da yanzu kuraye ke haihuwa a fadarsa. Ƙasashe huɗu na taka, kowace ta karɓi fansarta a jikina. Mai son ji ya gyara zama, mai neman labarin da zai sanyaya masa zuciya kuwa ya ɗauki takalminsa tun yanzu.

Shandagal tana bisa tsauni, inda koguna biyu suka haɗu kamar ƙafar kaza. Abu biyu muke tinƙaho da su: ganuwarmu, wadda mahaya uku ke jerawa a kanta, da igiyarmu. Igiyar nan ta rama ce, tana naɗe a wani ɗaki a tsakiyar gari, kuma kowane mai rai a Shandagal yana da ƙulli ɗaya a jikinta. Ranar da aka haife ka a ƙulla, ranar da ka mutu a kwance. Ƙullin da aka kwance ba a sake ƙulla shi. Wanda ya yi tafiya ya wuce damina bakwai bai dawo ba, shi ma a kwance nasa, ya zama mamaci. In ya dawo daga baya ba a dukansa, ba a korarsa, amma ba a ganinsa, ba a jinsa, ba a amsa masa. Mai riƙe da igiyar yayana ne, Gwadabe. Ya san kowane ƙulli da sunansa, ko ido rufe zai bi su da yatsa ya kira maka mutum dubu huɗu bai yi tuntuɓe ba.

Wata shekara wani baƙo ya iso ƙofar gari, ƙafafunsa sun tsattsage, ya ce a gabas ganuwa ta daina tsare kowa, akwai abin da ke rushe ta kamar gidan gara. Ya faɗi haka ya mutu. Dattawa suka yi kwana uku suna shawara a kan a aika wani ya gano wannan abu da maganinsa. Kowa ya yarda a aika, babu wanda ya yarda a aike shi, don tsoron damina bakwai. Ni kuwa mijina ya rasu, bakina kuma ya dami gari. Na shiga majalisarsu na ce musu su zauna su yi gadin rawunansu, ni zan je. Ban taɓa ganin dattawa sun yarda da maganar mace da sauri irin na ranar ba.

Na bar 'yata Yalwa, tana da shekara goma, a hannun Gwadabe. Ya raka ni har bakin kogi, ya ba ni wani zare ya ce in ɗaura a ƙugu, kowace damina in yi ƙulli ɗaya.

Ya ce, "Auta, in ta bakwai ta sauka ba ki iso ba, da hannuna zan kwance ki. Kada ki sa ni."

Na ce, "Yaya, ka taɓa ganin na makara wajen haihuwa?"

Ƙasar farko da na shiga ita ce Burzahan. Manyanta suna zaune a benayen dutse, talakawanta kuwa haɗe suke da gona, in an sayar da gona da su ake sayarwa, kamar yadda ake sayar da akuya da igiyarta. Na zauna a unguwar majema ina karɓar haihuwa, domin duk inda ka je a duniya mata na naƙuda, ungozoma ba ta kwana da yunwa. A daminata ta biyu jiragen hatsi suka zo da ɓeraye, ɓeraye suka zo da annoba. Mutum zai tashi da kumburi a hammata, kafin jibi an jefa shi a rami. Da manyan suka ga haka, sai suka sa magina suka toshe ƙofofin unguwarmu da dutse, masu lafiya da marasa lafiya duk muna ciki. A nan na fara gane cewa ganuwa fuska biyu gare ta.

Hanyar fita ɗaya ce, amalanken gawa, da ake turo shi ta wata kafa kowace safiya. Na shafa toka na kwanta tsakanin matattu. Ashe masu amalanken sun san wannan wayo, sai sun yanki kunnen kowace gawa da wuƙa su ga ko za ta motsa. Na ji wuƙar tana tafiya a kunnena na dama kamar ana yanka kuɓewa. Na tuna matan da na sha ce wa su cije su daure, na ce yau ga taki, Tasalla. Ban motsa ba. A bakin rami na mirgina cikin ciyawa. Kafin in bar ƙasar na ga manoman da suka rage sun ce tunda hannaye sun yi kaɗan sai a biya su lada. Aka rataye su a bakin hanya, itace ɗaya mutum ɗaya, na yi tafiyar wuni biyu a inuwarsu.

Daga nan na faɗa Kalmus, ƙasar wani sarki mai suna Zurkan, wanda ba ya iya barci in ya ji akwai garin da ba nasa ba. A can na karɓi haihuwar matar wani maƙeri, Barzu, shi ne ya nuna mini abin da aka aiko ni nema. Igwa ce ta tagulla, bakinta ya isa mutum ya shiga da rarrafe, shanu sittin ke jan ta. Ana ɗura mata albarushi da dutse, a sa wuta. Ranar da aka gwada ta ta yi aiki, sarki ya yi wa Barzu alkyabba, sannan ya sa aka soke masa idanu da ƙarfe mai zafi, don kada ya ƙera wa wani sarki irinta. Da alkyabbar a jikinsa aka kawo shi gida.

Ni na yi masa jinya. Na ce masa ni dai na sami abin da na zo nema. Ya yi wata dariya mara daɗin ji ya ce, "Baiwar Allah, igwa ƙofa kawai take buɗewa. Ki tsaya ki ga wanda ke shiga bayanta."

Na bi rundunar Zurkan zuwa wani birni da ganuwarsa ta fi tamu kauri. Daga hantsi zuwa azahar aka gama da ita. Na duba zarena, ƙulli uku. Na ce alhamdu lillahi, gida zan koma da sauran lokaci. Ban kai ga juyawa ba sojoji suka kewaye filin, suka tattara duk wanda ba ya riƙe da makami, na cikin birni da 'yan kallo, suka kora mu bakin teku. Na yi ta gaya musu ni ta ɓangarensu ce. Wanda ke riƙe da bulala ya ce jirgi bai san ɓangare ba.

Abin da ya faru a cikin jirgin ba zan faɗa ba. Mun shiga mu ɗari biyar, kifaye sun san adadin da ya rage.

Aka sauke mu a tsibirin Darmaz, inda ba a shuka komai sai rake. Akwai matsa ta ƙarfe da ke tatse shi, a gefenta an rataye gatari, don in ta kama hannun bawa a sare hannun, kada aiki ya tsaya. Ni yatsu uku ta ci mini a hagu, aka ce na yi sa'a. Amma abin da ya fi matsar ban tsoro wani littafi ne da ke hannun mai gonar raken. Kowane bawa yana ciki da sunansa da tabonsa. Kowace safiya a jera mu a kira. In ɗaya bai amsa ba, kafin rana ta take karnuka sun kawo abin da ya saura daga gare shi. Jaririn da aka haifa ma, cibiyarsa ba ta bushe ba an rubuta shi.

Matan bayi suka roƙe ni in tsirar da 'ya'yansu daga littafin. Sai na riƙa cewa ɗan ya zo babu rai, in binne guntun itace a tsumma, jaririn kuwa a miƙa shi ga wasu da suka gudu suka ɓuya a duwatsu. Jarirai tara na fitar haka, ba a taɓa sakin kare a kan ko ɗaya ba. Abin da ba a rubuta ba, ba a nemansa. Damina biyu na yi a can, ƙulli ya zama biyar.

Fitata ta zo ta hannun matar mai gonar. Haihuwa ta gardame mata kwana biyu, aka kira ni, na juyar da ɗan na fito da shi. Na ji ana cewa za ta koma ƙasarsu da shi, sai na ce mata cibiyar yaron tana da wani ciwo da ba ya nunawa, sai an shafa masa magani duk kwana bakwai, ni kaɗai na san haɗinsa. Man gyaɗa ne da toka. Haka na hau jirgi ina tafe da ƙafata, ba sarƙa.

Ƙasarsu ita ce Ilgaran, birnin hayaƙi. Na tarar sun sare kan sarkinsu shekarun baya, suna ta murna sun huta da sarauta. Sai dai akwai wata ƙararrawa da ke kaɗawa da asuba, duk garin ya kwasa da gudu zuwa gidajen injin saƙa, ba ya fita sai ta sake kaɗawa. Ban taɓa ganin sarkin da ake wa biyayya kamar ƙararrawar nan ba. Kowace safiya kuma ana buga takardu dubbai masu cewa duk mutane daidai suke, attajirai suna karantawa suna zuba sukarin Darmaz a shayi. Na saci jiki daga gidan matar na nutse cikin jama'a, na sami aikin shara a wani gida da ake kira Gidan Taswira.

A Ilgaran ruwan sama ba shi da lokaci. Yau yayyafi, gobe yayyafi, ba rani, ba kaka, ba bazara. Da na iso na ga ana ruwa na yi ƙulli na shida, na ce in ya ɗauke na san shekara ta juya. Na yi ta jira ya ɗauke.

A gidan nan wasu mutane masu tsabtar farce ke zama gaban wata babbar takarda da aka zana duniya a kai. Su ɗora katako miƙaƙƙe su ja layi, wannan ya ce nan nawa, wancan ya ce nan nasa, sannan su tafi cin abinci. Ba wanda ya taɓa taka ƙasar da yake rabawa. Mai gadin ƙofa wani tsohon soja ne mai ƙafa ɗaya, muna raba gurasa da shi. Shi ya gaya mini yadda ake yi. Ya ce da farko a aika mai magani da kyautai. Sannan mai sarƙa, ya auna ƙasa. Na uku shi ne mai littafi, mai fara'a, tambayarsa ɗaya ce: ku nawa ne, su wane ne? Ya ce garin da ya ɓoye adadinsa yakan wahalar da su shekaru, don ba su san nawa suka gudu ba, nawa suka ɓuya. Garin da ya faɗa kuwa ya gama yawo, za a riƙa zuwa ana ɗiban mutanensa da suna, zuwa ramin ma'adinai da aikin hanyar ƙarfe, har su ƙare.

Wata rana ina goge teburin na ga koguna biyu sun haɗu kamar ƙafar kaza a gindin wani tsauni. An shafe wurin da jan launi, bai gama bushewa ba. Na tuna igiyarmu. Mu da babu garin da ya san adadinsa kamar mu.

Na shiga jirgin sojoji a matsayin mai wanki, daga bakin teku na taka da ƙafa wata biyu. Ina tafe ina shafa zarena, ƙulli shida, ina cewa na riga ta bakwai.

Na iso ƙofar Shandagal da hantsi na yi sallama. Mai gadin ƙofa, wanda ni na yanke masa cibiya, ya dube ni, fuskarsa ta yi fari, sannan ya mai da idonsa kan bango. Na shiga kasuwa, mutane suna darewa kamar ruwa ya ga dutse. A bakin rijiya na ga wata mace da tsohon ciki, da goshin mijina a fuskarta. Na ƙirga da idon ungozoma, wannan ba 'yar shekara goma sha shida ba ce. A nan na gane. Daminar Ilgaran guda ɗaya, shekara uku ce.

Na ce, "Yalwa." Tulun ya girgiza a kanta, amma ba ta juyo ba.

Na ga kwalaben magani a rumfuna. Na ga turakun mai sarƙa a gonaki. A kan tudun yamma kuma ga tantuna da igwa huɗu. Na tsaya tsakiyar kasuwa na faɗi duk abin da na gani, Burzahan da Kalmus da Darmaz, na nuna kunnena, na ɗaga hannuna. Na ce kada su nuna igiya. Har muryata ta dushe. Mai nama ya ci gaba da sara, mai daddawa ta ci gaba da ciniki. Ga hawaye a idon wasu, amma al'ada ta fi hawaye ƙarfi.

Sai na tuna mamaci ba a tare shi. Na ɗebi garwashi a kasko na nufi ɗakin igiya. Gwadabe yana zaune, ya tsufa, igiyar na kan cinyarsa yana shafa mata mai. Na kai kaskon kusa da igiyar in ƙone ta, ya ɗora tafin hannunsa a kan garwashin, bai dube ni ba. Na ji ƙaurin fatarsa. Ya fuskanci bango ya yi wa bango magana.

Ya ce, "Kai bango, da wani ya zo bara, da an ji shi. Na ƙara wata huɗu a kan al'ada har aka kusa tsige ni. Yanzu baƙi sun riga sun ga igiya, mu muka nuna musu don alfahari. Sun ce in ba a kai ta ba da azahar an kira sunaye, igwa za ta yi magana."

Na ce, "Yaya, in ka kira sunayen nan kun mutu duka."

Ya ce, "Bango, ni zan je in kama ruwa. Tsoho ne ni, ina daɗewa. Tsohon ƙulli tauri gare shi, mai yatsu bakwai da haƙora bai wuce ya kwance biyu ba. Gidan Tunau yana kamu na uku daga bakin igiya mai jan zare."

Ya fita. Na sami wurin. Ga gurbina, ya lanƙwashe babu ƙulli. Ga na Gwadabe a gabansa, ga na Yalwa a bayansa, an kuma ɗaura na mijinta Tanimu kusa da nata da zaren aure. Na kama na Yalwa da haƙori. Ni na sa aka ƙulla shi da jini a ƙafafuna, ni na kwance shi, haƙorina ɗaya ya tafi a ciki. Saura ɗaya. Na dubi na Tanimu, mutumin da ban taɓa gani ba. Na dubi na yayana. Na kama na yayana.

Ya fara sassautawa ke nan Gwadabe ya dawo. Ya bi wurin da yatsa, ya tsaya a gurbin Yalwa, ya daɗe. Sannan ya taɓa nasa, ya ja bakin biyu ya ƙara tamke shi. Ya ce wa bango mai igiya ba ya barin igiyarsa. Ya saɓa ta a kafaɗa ya fita.

Da azahar aka taru a filin fada. Mai littafi ya zauna a inuwa yana murmushi, Gwadabe yana bi da yatsa yana kira, ana amsawa, alƙalami yana tafiya. Da ya zo gidan Tunau ya kira kansa, ya tsallake gurbi biyu, ya kira Tanimu. Yalwa ta miƙe ta ce an manta da ita. Ba wanda ya juya. Ta kama rigar mijinta ta girgiza shi. Ya kafa idonsa a ƙasa, bai amsa mata ba. Na ja ta da ƙarfi na fitar da ita ta ƙofar kogi tana cizon hannuna.

Bayan kwana arba'in aka zo da littafin aka ɗebi ɗari biyar, Tanimu yana ciki. Bayan kaka aka ɗebi dubu. Wanda ya gudu, a kama gidansu duka, don an san sunan kowa. Gwadabe ne ake sa ya kira, kullum, har ranar da ya ƙi buɗe baki aka rataye shi da igiyar. Ba a harba igwa ko sau ɗaya ba. Ganuwar Shandagal tana nan tsaye har gobe, ko tsaga babu.

Yalwa ta haihu a wani kogo a bayan tsauni, ni na karɓa, mace. Jikar tawa ba ta da ƙulli, ba ta cikin littafin kowa, yanzu ita ke rubuta wannan da nake faɗa. Mun zauna tare shekara ashirin da ɗaya, ni da 'yata, muna ci a ƙwarya ɗaya. Matattu biyu babu abin da ya hana su magana da juna, amma ba ta taɓa ce mini uffan ba, sai ranar da ciwon ajali ya kwantar da ita. Ina shafa mata ruwa a goshi ta buɗe ido ta dube ni sosai, karo na farko tun tana 'yar shekara goma.

Ta ce, "Inna, kafin a rataye Kawu ya zo bakin kogo ya gaya wa bango, ina ji. Kin sami lokacin ƙulli biyu."

Na ce, "Na samu."

Ta juya fuskarta bango.

Iyakar abin da na gani ke nan, kuma iyakar abin da zan faɗa. Ajiye alƙalamin, yarinya. Kada ki sa sunanki a ƙasa.